Baƙo da Babur na Hannu a Zariya

Sau da yawa baƙo daga Maraɗi ko Damagaram yakan sauka Samaru wajen ɗan'uwansa ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuɗin haya ya ishe shi, ya nufi Sabon Gari ya sayi babur ƙirar Boxer na hannu. Ciniki ba ya wuya. Takardu ne ke ɗaure kai.

Kafin ka miƙa ko sisi, malam, tsuguna ka goge maiƙon da ke wuyan babur ɗin da tsumma, ka karanta lambar da aka buga a ƙarfe, ka gwada ta da ta rasit ɗin asali. Haka lambar inji. In ka ga alamar an kankare, tashi ka tafi, ko da dillali ya rantse. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu.

Rajista kuwa tana neman adireshi da katin shaida, alhali mai ziyara ɗan lokaci kawai zai zauna. Shi ya sa wasu ke sa sunan mai masaukinsu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ranar sayarwa ko tsallaka iyaka a Jibiya, takarda za ta nuna babur ɗin na wani ne.