Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Ɗanbatta Game Da Batirin Caji

Yau gidaje da yawa a ƙasar Ɗanbatta suna da batirin cajin waya, watau fawa-bank. Abin amfani ne, amma wuta ce ɗaure a cikinsa, zafi kuwa shi ke kwance ta.

Saboda haka kada a yi cajinsa bisa katifa, kada kuma a bar shi jone a yi barci. A ajiye shi a inuwa da rabin caji, nesa da rumbu da danga, gama da bazara zafi yakan wuce digiri 40. Wanda ya kumbura ya lalace. Kada a huda shi, kada a jefa shi juji, a sa shi cikin tukunyar yashi a waje.

Maniyyata masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano su riƙe shi a jakar hannu, gama an hana sa shi cikin kayan awo. In ya kama wuta can cikin kaya, ba mai gani balle ya kashe.

Muna roƙon malamai su rubuta wa dagatai, a yi shela ran kasuwa. Rigakafi ya fi magani. Haza wassalam.