Shekarun Mace Kafin a Juya Mata Mahaifa

Iyayen ƙasa, malamai, likitoci da ungozomomi, an gode da halarta. Lokaci ya ja, sai a shiga magana.

Kowa a zauren nan ya san aikin: a ɗaure ko a yanke hanyoyi biyun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, haihuwa ta tsaya ke nan. An kuma san ba a cika yin sa a ƙasar nan ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 0.2 cikin ɗari ne kacal na matan aure. Galibi ana yi ne a tsakiyar tiyatar haihuwa, bayan an kwaso mace daga Dawanau ko wani ƙauyen Dawakin Tofa, an bi titin Katsina da ita zuwa birni saboda naƙuda ta gagara.

A nan rigimar take. Likita ya buɗe kati, ya ga haihuwa shida, ya ce ai ta isa. Layin shekaru ko kallonsa bai yi ba. Alhali binciken 2018 ɗin ya nuna a Arewa maso Yamma rabin mata an aurar da su ne kafin su cika 16, don haka mai 'ya'ya shidan nan tana iya kasancewa ba ta kai 30 ba.

Ga abin da ya sa 30 ɗin ke da nauyi. A Amurka an bi diddigin mata 11,232 da aka yi wa aikin daga 1978 zuwa 1987, wasu har tsawon shekara 14, a binciken da ake kira CREST. Sakamakon da Hillis da abokan aikinta suka fitar a 1999 ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa suna da shekara 30 ko ƙasa da haka, kashi 20.3 sun yi nadama. Cikin waɗanda suka haura 30, kashi 5.9. Mace ɗaya ke nan cikin biyar a rukunin farko, a ƙasar da mace ke zuwa asibiti da ƙafarta ta sa hannu da kanta. Binciken ya kuma nuna aikin na iya warwarewa: mata wajen 18 cikin dubu sun sake samun ciki a cikin shekara 10, masu ƙarancin shekaru sun fi yawa, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na cikin a wajen mahaifa ya zauna, wanda ke iya kisa.

To, a kawo lissafin nan gida. Manyan abubuwan da ke jawo nadamar su ne sabon aure da mutuwar ɗa, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a nan. Binciken 2018 ɗin ya ce a Jihar Kano yara 164 cikin dubu ba sa kai shekara biyar. Mai 'ya'ya biyar a bana, ƙyanda da zazzaɓi na iya barin ta da uku. Sakin aure kuwa ba sai an yi wa mutanen Kano bayani ba. Bazawara 'yar 27 ta yi sabon aure, miji yana jiran nasa ɗan, kishiya tana goyo a tsakar gida, ita kuma ta san abin da aka yi mata a ɗakin tiyata. Kwance ɗaurin ba shi da tabbas, dashen ƙwai kuma ya fi ƙarfin manomin gero ko ɗan dako a kasuwar hatsi.

Wasu abokan aiki za su ce mata na mutuwa wajen haihuwa. Gaskiya ne, amma robar hannu tana kai shekara uku zuwa biyar, ta cikin mahaifa kuma goma, kuma duka ana cirewa. Masu cewa aikin haramun ne ko ta halin ƙaƙa, su duba matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Kuwait a 1988: ta hana tsayar da haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta halatta tazara da yardar ma'aurata.

Saboda haka, macen da ba ta kai 30 ba kada a ɗaure ta sai idan wani cikin barazana ne ga ranta, kamar wadda mahaifarta ta fashe. Wadda ta haura 35, an sha yi mata tiyata, ta nema da bakinta, a daina yi mata yawo da hankali. Maganar kuma a yi ta tun a wurin awo, da Hausa, da ita da maigidanta, sannan a sake tambayarta ita kaɗai. Takardar da aka miƙa wa miji a ƙofar ɗakin tiyata, matarsa na zubar da jini, ba yardar matar ba ce.

Saura matsalar da ungozomomi suka fi kowa sani: da yawa daga matan karkara ba su da takardar haihuwa, ma'aikaci ne ke kallon fuska ya rubuta 35. A zauna a tambayi shekarar aurenta da shekarun ɗan farinta, a yi lissafi, kafin a cike wannan layi na katin.