Ƙasashe na duba aikin junansu a yaƙi da cin hanci

Kuɗin da aka wawure daga baitulmali ba sa zama a gida. Sukan tsallaka iyaka su ɓuya a bankunan Turai, shi ya sa ƙasa ɗaya ba ta iya kamo su ita kaɗai.

Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da cin hanci a 2003, ta fara aiki a Disambar 2005. A taron Doha na 2009 aka ƙara mata haƙora: kowace ƙasa sai wasu ƙasashe biyu sun binciki dokokinta da yadda take aiki da su. Ta hanyar canki-canka ake zaɓo masu binciken, kuma ɗaya daga cikinsu daga yankinta take fitowa. Zagayen farko ya duba hukunta masu laifi da haɗin kai tsakanin ƙasashe, na biyu kuma rigakafi da maido da dukiyar sata.

Najeriya ta ga amfanin wannan haɗin kai. A 2017 Suwizalan ta amince ta maido da dala miliyan 321 na kuɗin da tsohon shugaban ƙasa Abacha ya wawure, aka raba wa talakawa ƙarƙashin sa idon Bankin Duniya. A 2020 Amurka da tsibirin Jersey suka saki sama da dala miliyan 300, aka ware su don hanyar Abuja zuwa Kano, da ta Legas zuwa Ibadan, da gadar Neja ta biyu.

Sai dai akwai gyara a tsarin binciken juna. Taƙaitaccen rahoton binciken kawai ake wallafawa dole. Cikakkensa kuwa sai ƙasar ta ga dama, alhali talakan da aka sace wa kuɗi ya cancanci ya karanta shi.