Madatsar Ruwa ta Zobe: Haƙƙin Jama'a da Iyakar Ikon Hukuma

Wannan lacca ta shafi tambayar da mutanen ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi suka fi kowa cancantar a amsa musu, wato wa ke da ikon kusantar ruwan Zobe, kuma bisa wane sharaɗi. An kammala madatsar a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka danƙa ta ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima domin noman rani da samar da ruwan sha. Shekaru masu yawa ruwan yana kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, sai masunta da makiyaya da masu lambu a gaɓa suka zamo su ne ke raya shi. Amma tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwan a watan Yulin 2021, tafkin ya zama randar da garuruwa ke sha daga cikinta, abin da mutum ɗaya ya zuba a bakinsa kuwa yana iya isa gidan wanda bai taɓa ganin Zobe ba.

Kasancewar madatsa a hannun hukuma bai soke haƙƙin talaka ba. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda ta ɗora wa gwamnatin tarayya kula da ruwayen da suka shafi jiha fiye da ɗaya, ta yarje wa kowa ya ɗebi ruwan amfanin gida ko ya shayar da dabbobinsa kyauta a inda jama'a ke da hanyar shiga, ta kuma halatta kamun kifi da tuƙa jirgi muddin ba a saɓa wa wata doka ba. Dokar kamun kifi ta 1992 ita ce ta ja layi, domin ta haramta su da guba ko nakiya. Tun kafin waɗannan dokoki ƙasar Hausa ta san hurumi, wato filin da ake keɓewa don amfanin kowa ba a mallaka wa mutum ɗaya, kamar yadda ta san burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya.

Abin da Zobe ke buƙata shi ne a raba bakin ruwan gida-gida, a kuma bayyana rabon. Kewayen mazuƙar ruwa, inda injuna ke jan ruwa zuwa matata, da jikin ginin madatsar da magudanar da ke amayar da rara idan damina ta yi ƙarfi, ya wajaba su zama wuraren da ba a wanka, ba a wanki, ba a wanke babur, ba a kuma ɗauraye tankin feshin maganin ƙwari, domin matatar da ke cire laka da ƙwayoyin cuta ba lallai ta iya raba ruwa da guba ba. Sai dai hani ba tare da madadi ba zalunci ne, kuma ba ya ɗorewa: makiyayin da aka toshe wa burtali da albasa da tumatir zai ratsa lambu ne, daga nan kuma rigimar manoma da makiyaya da yankin ya riga ya ɗanɗani ɗacinta take somawa. Saboda haka kafin a kafa allon hani guda, ya kamata a shata mashaya, a buɗe hanyar zuwa gare ta, a tanadar wa mata wurin wanki nesa da mazuƙa.

Masu zuwa shaƙatawa su ma suna da rabonsu, musamman samari a lokacin bukukuwan Salla da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Yawancin baƙi ba su san cewa ruwan madatsa yakan yi zurfi farat ɗaya a inda tsohon kwarin kogi yake ba, ba su kuma san cewa ruwa mai kwanciya shi ne mazaunin ƙananan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙa'idar adadin mutanen da kwalekwale zai ɗauka, da tilasta sanya rigar kariya daga nutsewa, da hana fita bayan magariba, abubuwa ne da ke ceton rai da kuɗi kaɗan.

Ma'aikacin da ke zaune a ofis ba zai iya tsare gaɓa mai tsawo irin wannan shi kaɗai ba. Sarkin ruwa ya san ramukan tafkin da lokacin da kifi ke ƙwai, arɗo ya san garken da ke saukowa da rani, dagatai kuwa sun san masu lambu ɗaya bayan ɗaya; idan aka tsara ƙa'idojin tare da su, aka rubuta su da Hausa a boko da ajami, aka karanta su a rediyo da masallatan Juma'a na Dutsin-Ma da Kurfi, za a bi su. Wajibi ne kuma hukumar tarayya mai madatsar da Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina su fayyace wa jama'a wadda ke ba da izini, da nawa ake biya, da rasiɗin da za a karɓa, da ofishin da wanda aka kora daga bakin ruwa ba bisa ƙa'ida ba zai kai kukansa.