WAYAR TSAKA-TSAKI: WA ZAI SAYA, WA ZAI HAƘURA?

Ga laccar da aka yi wa taron 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a Kano. Mun buga ta yadda ta ke, don 'yan'uwa da ba su sami zuwa ba su amfana.



An umurce ni in yi magana a kan abin da kusan kowannenku ya ke ɗauke da shi a aljihu, watau wayar hannu. Watakila wani ya ce, ana fama da kuɗin masara da na haya, ina ruwanmu da zancen waya? To, da ruwanmu ƙwarai. Tun farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sake takardun Naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ciniki ya koma tiransifa. Mai tumatir a Yankaba, da mai atamfa a Kantin Kwari, da mai hatsi a Dawanau, kowa sai ya ga alat kafin ya saki kaya. Ta waya a ke aika wa abokin ciniki na Maiduguri ko Damagaram hoton kaya, ta waya a ke jin farashin safe. Waya ta shiga sahun mudu da sikeli ke nan, ta zama kayan aiki, kayan aiki kuwa ba a sayensa da ka.

HAWA UKU

In kun shiga kasuwar waya ta Farm Centre, ko kun bi titin Beirut, za ku tarar manyan wayoyin nan na shafawa hawa uku ne. Akwai na ƙasa masu araha, irin su itel da ƙananan Tecno da Infinix. Akwai na sama, watau sabuwar iPhone da Samsung mai harafin S, waɗannan na masu hannu da shuni ne, ba su muka zo tattaunawa ba. Sa'an nan akwai na tsakiya, irin su Tecno Camon, da Infinix Note, da Redmi Note, da Samsung mai harafin A masu ɗan dama. A kan waɗannan na tsakiya mutum ya kan daɗe a bakin shago yana juya waya a hannu, zuciya na so, aljihu na ja da baya.

Ku sani kuma, itel da Tecno da Infinix duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ke riƙe da fiye da kashi 40 cikin 100 na kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Shi ya shirya hawan nan da gangan, don duk inda aljihunka ya tsaya ka tarar da hajarsa tana jiranka.

ME YA KAWO TSADA?

Kada ku ɗora wa mai shago laifin duka. Waya kayan ƙetare ce, da dala a ke sayo ta. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen Naira 460 ce. A watan Yuni na shekarar aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura Naira 1,500.

Bari mu yi lissafi a fili. A ce ga waya ta dala 200. A farashin farko kuɗinta Naira 92,000. A na biyun kuwa Naira 300,000, alhali ko dala ɗaya mai ƙera ta bai ƙara ba. A kan wannan a ɗora kuɗin kwastan, da harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100, da kuɗin mota daga Ikko zuwa Kano bayan an janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Ku dubi albashi kuma. Lokacin da mafi ƙarancin albashi ya ke Naira 30,000, wayar nan aikin wata uku ce. Da aka mai da shi Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, sai ga ta ta zama aikin fiye da wata huɗu. Albashi ya hau jaki, farashi ya hau mota. Ko katin da a ke ciyar da wayar da shi bai tsira ba, gama a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Har wa yau akwai wani dalili daga waje. A ƙarshen 2025 kuɗin 'yan ƙwayoyin memori da a ke sa wa cikin waya ya tashi ƙwarai a duniya, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe su don rumbunan kwamfutocinsu. Masu ƙera su kuwa kusan uku ne rak, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Irin wannan tsada ta fi ciwo a wayoyin ƙasa da na tsakiya, tun da ya ke ribar da ke kansu ba ta da yawa. Mai kamfani ko dai ya ƙara kuɗi, ko ya rage kayan ciki ya bar farashi yadda ya ke. Dukanku kun san wannan dabara, ita ce ta mai ƙosai da ya ƙi ƙara kuɗi ya rage girman ƙosai.

MASU TSALLAKEWA

Waɗanda su ke ƙin wayar tsakiya kashi uku ne, kowane kuma da hujjarsa.

Na farko su ne masu sauka ƙasa. Mutum ya duba ya ga abin da ya ke yi da waya bai wuce kira, da WhatsApp, da duba alat ba, ya ce don me zan biya kuɗin abin da ba ni mora? Ƙaramar ma batirinta ya kan kai 5,000 kamar na babbar. Wannan mutum bai yi wauta ba. In jarinka duka Naira 500,000 ne, ka zare 300,000 ka sa a waya, ka cinye rabin shagonka da ɗoriya. Bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu in ya zauna cikin jari yana juyawa kowane mako, zai haifo abin da waya ba za ta haifo ba.

Na biyu su ne masu zuwa gefe, watau masu cewa da in sayi sabuwar Camon a kwali gara in sayi iPhone ta hannu, wadda a ke kira Landan yus. Samari sun fi yawa a nan. Hujjarsu ita ce hotonta ya fi kyau, kuma in ka matsu ka kai ta kasuwa ba ta faɗuwa warwas kamar sauran. Akwai gaskiya a ciki. Amma fa akwai wata hujja da ba su faɗi, ita ce a gan su da ita a wurin ɗaurin aure. Ni ba ni hana kowa ado, sai dai ya san abin da ya saya. Batirinta ya riga ya yi wa wani bauta shekara uku ko huɗu. In gilashinta ya fashe, kuɗin gyara ya kan sayi sabuwar ƙaramar waya. Ga shekaru kuma: iPhone X ta 2017 ce, tun 2023 kamfanin Apple ya daina ba ta sabon tsari, a 2025 kuma XR da XS suka bi sahu. Mafi muni, in ta sata ce, ranar da aka bi sawunta a hannunka za a same ta, kai za ka kwana a caji ofis, dillali kuwa ya yi layar zana.

Na uku su ne masu riƙe tsohuwa, su canja batir, su canja gilashi, su ce sai ta mutu. A wannan zamani waɗannan sun yi dabara, muddin manhajar banki tana buɗewa a kanta. Gama manhajoji su kan bar tsofaffin wayoyi a baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai na 5 ba a watan Oktoba na 2023.

MASU SAYE

To, su wa ke daurewa su sayi ta tsakiya duk da tsada? Galibi waɗanda araha ta taɓa cizo ne. Abin da ya raba wayoyin biyu yana ciki inda ido ba ya gani, bari in kwatanta muku da shago. A cikin waya akwai abin da a ke kira ram, shi ne teburin da ka ke baje kaya a kai. Akwai kuma memori, shi ne sito. Mai araha teburinta 3 ne ko 4, sitonta 64. Ta tsakiya teburinta ya kan kai 8, sitonta 128 ko 256. Ranar da ka saye su duka biyu gudu su ke yi. Amma bayan shekara guda, hotunan kaya sun taru, manhajoji sun yi ƙiba, sai ka ga mai arahar ta fara tsayawa. Ga mai saye a gabanka ya ce ya tura kuɗi, kai kuwa kana ta dannawa banki ya ƙi buɗewa, layi na bayansa suna watsewa. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Saboda haka tambayar da ta kamata a bakin shago ita ce, wata nawa za ta yi mini aiki? Ga misali. Waya ta Naira 120,000 in ta gaji a wata 18, ta ci maka wajen Naira 6,700 kowane wata. Ta Naira 300,000 in ta yi shekara huɗu, Naira 6,250 ta ci a wata. Kun ga mai tsadar ta fi araha ke nan. Amma in aka sace ta a cikin Adaidaita Sahu bayan wata shida, ko ta faɗa kwata, lissafi ya rushe, hasararka kuwa ta ninka ta mai ƙaramar waya fiye da sau biyu. Wannan ma abin sa wa a sikeli ne ga wanda ke yini cikin cunkoso.

Wanda waya ce shagonsa, kamar telan da ke nuna ɗinki a hoto, da matar da ke sayar da atamfa da turare daga cikin gida ta WhatsApp, da dillalin da ke kan waya tun asuba, shi ta tsakiya ta dace da shi, za ta mai da kuɗinta. Wanda kuwa waya 'yar aike ce kawai gare shi, ya sayi ƙarama ya bar sauran kuɗin cikin jari. Daidai ruwa daidai tsaki.

TARKON DA KE KAN KWALI

In kun yanke shawarar saye, ku kula da abu huɗu.

Na ɗaya, za ku ga an rubuta ram 16 da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 8 da 8. Takwas ta biyun aro ce daga sito, ba ta da saurin ta ainihi. Ku tambayi ta ainihi nawa ce.

Na biyu, kada lambar kyamara ta ruɗe ku. An rubuta 108 ba shi ne ya nuna ta fi mai 50 kyan hoto ba. Ku ɗauki hoton atamfa a cikin inuwar shago, ku ga ko launin ya fito yadda ya ke. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na uku, 5G. MTN ya fara shi a Nijeriya a 2022, Airtel a 2023, amma bai game ko'ina ba. In harkarka ta kasuwannin ƙauye ce, ka tabbata ya isa can kafin ka biya kuɗinsa.

Na huɗu, wanda mutane ba su cika tambaya ba: shekara nawa kamfani ya yi alkawarin aiko wa wayar gyaran tsaro? Kuɗinka na banki a cikinta ya ke, wayar da aka daina gyara wa tsaro kuwa shago ce da kwaɗonta ya tsufa. Samsung ya yi alkawarin shekara shida a kan A16 mai 5G da ya fitar a 2024, wasu kuwa alkawarinsu bai kai rabin haka ba. Ku tambayi masu gyara kuma ko gilashinta da batirinta suna samuwa a kasuwa, da kuɗinsu, gama su suka san wadda ta fi zuwa asibiti.

Ko wace iri kuka saya, ku danna *#06#, lamba za ta fito, ku gwada ta da wadda ke jikin kwali, sa'an nan a rubuta ta a rasit mai sunan shago. Wanda ya ƙi ba ku rasit, ku bar masa hajarsa.

BASHIN WAYA

Saura magana guda. Tun da tsada ta zo, masu ba da waya bashi sun yawaita. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, ka riƙa biya mako-mako ko wata-wata. Da yawansu in ka yi jinkiri sai su kulle ta daga ofishinsu, ta zama dutse a hannunka, ga shi kuwa a cikinta cinikin da za ka biya su da shi ya ke. Kafin ka sa hannu, ka ce a tara maka jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka gwada da farashin kuɗi hannu. In ka ga ratar ta yi yawa, ga adashi nan da muka gada, ba ruwa a kansa, ba mai kulle maka kome. Ka shiga da 'yan layinku, ranar kwasarka ka je ka saya da ƙarfinka, har ka nemi ragi.

'Yan'uwa, ba na zo in ce ku sayi wannan ku bar waccan ba ne, kowa ya san nauyin aljihunsa. Abin da na ke roƙo shi ne, ku da ba a cutarku a mudu, kada a cuce ku a kwali. Yadda ku ke tura hannu cikin buhu ku duba ƙasansa kafin ku biya, haka za ku yi wa waya. Waɗanda suka iya karatu kuma su raka waɗanda ba su iya ba, musamman dattawa da iyayenmu mata, don su ne a ka fi yi wa rufa-rufa a bakin shago.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.