'Ya'yanmu da Zaman Jami'a

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu mata ta gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, wanda aka gayyaci iyalai.

Malam Shugaban reshe, Sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu da suka yi ritaya amma ba su yar da mu ba, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka cika mana wannan ɗaki, barkanmu da haɗuwa.

Da Sakatare ya aiko cewa ni zan yi magana a kan zaman ɗalibai a jami'a, sai na ce ko ɓatan kai ya yi. Ni dai kwalejin horon malamai na yi, na fito da takardar NCE, kuma shekara 19 ke nan ina kai da kawowa tsakanin aji uku da aji huɗu da alli a hannu. Ban taɓa zama a ɗakin lacca na jami'a ba. Ya ce ai dalilin ke nan. Akwai 'ya'yan membobinmu da suka sami gurbi bana, kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa wasu iyayen na ja da baya, musamman iyayen 'yan mata. Ni kuwa babbar ɗiyata tana shekara ta uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na kuma taɓa tsayawa daidai inda suke tsaye yau. Saboda haka da bakin uwa zan yi magana, kuma zan fara da kuskurena, don kada a ce na zo wa'azi.

Ranar da muka kai ta, mun biyo ta Giwa, muka wuce Shika inda asibitin koyarwa yake, muka sauka Samaru da hantsi. Kayanta kayan ɗiyar malamin firamare ne: katifa, bokiti, risho, ƙullin garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka da daddawa. Bayan an gama rajista muka nufi ɗakin da aka ba ta. Mutum uku muka tarar. Ɗaya Bayarbiya ce daga Offa, da ɗankwali a kanta da carbi a gefen gado. Ɗaya Ibo ce, amma da ta buɗe baki ta gaishe ni, sai na ji Hausar Kano tsantsa, ashe a Sabon Gari aka haife ta. Ta ukun 'yar Tibi ce daga Gboko, ba ta jin ko "zo in kashe ka", ga Littafi Mai Tsarki a kan matashinta. Na amsa gaisuwarsu da yaƙe. Da muka fito na ja ɗiyata gefe na ce, gobe-gobe ta nemi a sauya mata ɗaki, ta koma cikin 'yan garinmu.

Ba ta yi ba. Ba don ƙin bin magana ba, sai don ta lura cewa samun gado ma babbar sa'a ce, wanda ya samu ba ya wasa da shi. Na yi kwanaki ina fushi da ita. Yau a gabanku nake cewa ita ce ta fi ni gaskiya.

Bayan nan ne na fara tambayar tarihin wurin, na ga ashe abin da na tsorata da shi, shi ne ainihin tubalin da aka gina jami'ar da shi. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962, zamanin Sardauna, domin ɗaukacin Jihar Arewa, wato daga Sakkwato zuwa Makurɗi, daga Ilori zuwa Maiduguri. Arewar da Sardauna ya sani ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Shugabanta na farko, Norman Alexander, Bature ne mutumin New Zealand. Ɗan ƙasa na farko da ya gaje shi a 1966 shi ne Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista haifaffen Ancau, ya kuma riƙe ta har 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. Ko sunayen gidajen kwana sun ishi mai lura: ga na Amina, ga na Ɗanfodiyo, ga na Alexander, ga kuma na Akenzua, wato Sarkin Bini da ya taɓa zama uban jami'ar. A 2015 Sarkin Onica aka naɗa wannan muƙamin. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ma da gangan aka yi shi domin a gauraya: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 daga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 daga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Ƙari a kan haka ga ɗalibai daga Nijar da Kamaru. Wanda ya tura ɗansa can yana fatan ya zauna da 'yan unguwarsu kaɗai, to kamar wanda ya je kasuwar Kurmi ne yana neman inda babu baƙo.

Kada ku ɗauka zaman ɗakin nan ya tafi sumul. A zangon farko sun yi rigima har sau biyu. Ta farko a kan fitila ce: masu sallar asuba na kunna wuta, 'yar Gboko kuwa ta raba dare tana karatu, tana ganin ana zaluntarta. Ita ma in ta dawo daga addu'ar dare takan shigo da waƙa a baki. Aka yi kwanaki ba a gaisawa, daga baya suka zauna suka yi yarjejeniya, ƙaramar tocila ta raba gardama. Ta biyun ta fi zafi, kuma laifin namu ne. Yarinyar nan ta daka sakwara, ta yi miya, ta zuba wa kowa. Ɗiyata ta ce ta ƙoshi. Aka sake, ta sake cewa ta ƙoshi. A karo na uku yarinyar ta ajiye cokali ta tambaye ta, cikin Turancin buroka, ko ƙazama take ganinta. Ɗiyata ta rasa abin cewa, don ita ma ba ta san hujjarta ba, abin da ta tashi ta ji a gida ne kawai. 'Yar Offa ce ta shiga tsakani. Ta ce in shakkun nama ne, ai duk a kasuwar Samaru suke saye, wajen mahauta Hausawa, kuma tare suka je. Da aka ba ni wannan labari kunya ta kama ni, domin na san daga bakin wa aka ɗauko wannan "na ƙoshi".

Abin dariya, abin da ya gama ɗinke su tsohon abu ne da muka gada. Mahaifin ɗiyata yana da jinin Fulani. Da 'yar Tibi ta gano haka sai ta ce ashe da abokiyar wasanta take kwana. Kun san akwai wasa tsakanin Fulani da Tibi a kan saniyar da aka ba da ajiya aka cinye, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. Har yau in ɗiyata ta kira ta a waya, da bashin saniya ake fara gaisuwa. Na daɗe ina tunanin wannan, ganin irin jinin da aka zubar a Binuwai tsakanin manoma da makiyaya. A nan ne kuma ɗiyata ta koyi cewa sunan nan da mukan kira su da shi a Hausa ba sa son sa, sai ta daina, ta kuma hana mu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu a matsayin malamai, don nan ne ciwon yake. Ɗiyata ta gaya mini cewa a ɗakin lacca ba addini ne ya fara raba su ba, ba kuma ƙabila ba. Baki ne. 'Ya'yan makarantun kuɗi da 'yan Kudu suna ɗaga hannu, suna gardama da malami, ko daidai ko ba daidai ba. Namu kuwa, waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati irin waɗanda muke koyarwa, sun san amsa amma suna tsoron kada Turancinsu ya karye a yi musu dariya. Sai su koma kujerun baya, su dunƙule wuri ɗaya, su tashi tare, su ci abinci tare. Ta ce ta shafe zango guda cur ba ta ce uffan a aji ba. Ta san wata da ta kammala shekara biyu ba ta da ƙawa ko ɗaya da ba 'yar jiharsu ba. Jami'a ta tara mutane iri-iri, gaskiya ne, amma ɗalibi na iya shiga ya fita bai taɓa kowa ba.

Wannan shirun daga ajinmu ya faro. Mu ne muke sa yara su maimaita a tare, da ƙarfi, har ba a jin muryar mutum ɗaya. Mu ne in yaro ya yi kuskure mukan bari aji ya kwashe da dariya, wani lokacin har da mu. Na san uzurinmu, ni ma da shi nake kwana: yara sun haura 80 a aji ɗaya, babu littattafai, albashi sai ya ga dama. Ƙungiya na kan wannan fafutuka, kuma ba za mu fasa ba. Amma tun daga bara na ɗauki wata ɗabi'a da ba ta cin ko kwabo. Kullum yara biyar za su miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi jimla uku da bakinsa, da Hausa ko da Turanci, kuma duk wanda ya yi dariya shi ne na gaba. Akwai yarinyar da ta yi mako uku tana kuka kafin ta iya. Yanzu ita ke riga kowa ɗaga hannu, har sai na ce ta bar wa wasu.

Haka nan kalmomin da muke bari suna yawo a filin makaranta. Ɗan Bafulatanin da ake tsokana da warin nono, ɗan ma'aikacin asibiti da ake jifa da kalmar nan da ba zan maimaita ba a nan, ɗan Bagwarin da ake kwaikwayon maganarsa. Mukan ce ai yara ne. Waɗannan yaran ne gobe za a haɗa ɗaki ɗaya da su. Manyanmu da ke zaune a gaba suna tune da watan Maris na 1987, lokacin da saɓani ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilmi ta Kafancan, kafin a ankara wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Ina ƙarama a lokacin, abin da na riƙe shi ne an rufe mu a gida. Abin da ke damuna duk sanda na tuna shi ne cewa a makarantar horon malamai abin ya faro.

Ba zan ɓoye wa iyaye ba, tsoronku yana da tushe. Yarinya za ta ga masu waya ta dubu ɗaruruwa, masu sauya sutura kullum, ita kuwa tana ƙirga garin kwaki. Akwai masu zuwa da motoci bakin gidajen kwanan mata da yamma, kamar yadda ake yi a kowane gari mai jami'a. Akwai shaye-shaye. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai abin da na gani shi ne, maɗaukin kanwar ba shi da ƙabila. Wadda ta taɓa ƙoƙarin jan ɗiyata yawon dare 'yar garinmu ce, na san gidansu. Wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta, ita ce 'yar Sabon Gari. Abin da ke tsare yaro shi ne tarbiyyar da ya tafi da ita, da ɗan abin kashewa da ake aika masa a kan lokaci ko yaya yake, da kuma sanin cewa in ya kira gida da matsala za a saurare shi kafin a yi faɗa. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, akwai ta ɗalibai Kirista, akwai ƙungiyoyin jihohi, duk suna karɓar sababbi kuma suna da amfani. Ni dai shawarata, yaro ya shige su, amma kada ya mai da su kurkuku. Ya shiga rukunin karatu da waɗanda ba ya jin yarensu. Ya leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya je kallon wasan kwaikwayo, ya je Kongo ya ga 'yan sashen shari'a.

Sai batun yajin aiki, wanda mu 'yan ƙungiya ba mu da bakin zargin kowa a kansa. A 2022 jami'o'in tarayya sun kasance a rufe daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. A irin wannan zaman ne ake aurar da 'yan mata da yawa, karatu ya tsaya ke nan. In har auren ya zo, ina roƙon iyaye maza a sa komawa makaranta cikin sharaɗi tun ranar neman aure, a gaban shaidu.

Malam Shugaba, ina da roƙo guda ga reshe. A buɗe rajista a ofishin Sakatare, kowane memba ya rubuta sunan ɗansa da ke jami'a da sashensa, ko Zariya ne, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, domin tsofaffi su riƙa tarbar sababbi a tasha, su nuna musu hanyar rajista. Ɗiyata ta ce a sa sunanta farko, kuma ta ce in shaida muku cewa ba ita kaɗai za ta zo tarbar ba, har da abokan ɗakinta. Ga uwar da ta same ni a ofishin hedimasta ranar Talata tana hawaye, ba zan ambaci sunanki ba, amma in kin yarda, ranar da za a kai yarinyar zan nemi izini in raka ku.

'Yar Gboko ɗin nan za ta zo mana hutun Babbar Sallah, iyayenta sun amince. An riga an gargaɗe ni cewa tuwon dawa ba zai riƙe ta kwana uku ba, saboda haka duk wanda ya san inda ake samun doya mai kyau da sauƙi, ya gan ni bayan an tashi.