Gyaran Gilashin Taga da Ya Fashe: Jawabi ga Jama'ar Ƙauyukanmu

 

Maganar da zan yi yau a kan gilashin taga ce. In muka zagaya ƙauyukanmu za mu ga gidaje, da azuzuwan makaranta, da ɗakin shan magani, har da majami'a, inda gilashi ya fashe aka cusa tsumma ko kwali, aka ce sai bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce, tsumman yana nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta tagar da ta fashe sauro ke shiga, da ƙurar hunturu, da feshin ruwan sama, guntun da ya rage a jikin firam kuwa wuƙa ce mai jiran hannun yaro. Yawancin gyaran nan za mu iya yinsa da kanmu, muddin mun san irin gilashin da ke gabanmu.

Me ya sa ba za mu jira ba

Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya da dare yake cizo, yawanci a cikin ɗaki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. A ƙasar Gambiya an yi wani bincike da aka buga a 2009, inda aka sa raga a tagogi da ƙofofi aka kuma toshe kafofin da ke ƙarƙashin rufi. Sauron da ke shiga gidajen ya ragu da kimanin rabi, kuma yaran gidajen ba su yi fama da ƙarancin jini kamar sauran ba. Saboda haka taga mai lafiya tana taimakon gidan sauro, ko da yake ba ta maye gurbinsa.

Ku fara duba abin da ya fasa shi

Kafin ku sayi sabo, ku dubi yadda tsohon ya tsage. In tsagar ta fito daga wuri ɗaya a tsakiya ta bazu kamar saƙar gizo, wani abu ne ya buge shi: dutsen danƙo, ko ƙwallo, ko ƙanƙara. In kuwa ta taso daga gefe ta miƙe ba tare da alamar bugu ba, to gilashin ya matsu ne. Ko an yanka shi cif da firam, rana ta dake shi ya rasa wurin buɗewa, ko tsatsa ta kumbura ƙarfen, ko katakon ya karkace, ko bangon da ke bisa tagar ya sauko ya danne ta. In ba a gyara wannan ba, sabon ma zai fashe. Tagar da iska ke bugawa da bango kuma ƙugiya take bukata, kuɗinta bai kai na gilashi ba.

Cire wanda ya fashe

Ku fitar da yara daga wurin. Ku sa takalmi mai rufe ƙafa, ba silifa ba, da safar hannu mai kauri, da tabarau ko da na masu walda ne. Ku shimfiɗa buhu a ƙasa, ciki da waje. In gilashin ya tsage amma bai zube ba, ku manna masa salatif a gicciye domin ya fito a haɗe. Ku fara cire guntayen sama, sa'an nan na ƙasa, don kada na sama ya faɗo muku a hannu. Ku kankare tsohon foti da tsohuwar wuƙa, ku zare ƙananan ƙusoshi da filaya. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda guba ce ga yara, don haka kada ku ƙona shi, ku jiƙa wurin kafin ku goge.

Bayan shara, ku bi ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, sa'an nan ku yar da tsumman. Guntayen kuma a naɗe su a kwali a binne a rami mai zurfi. Kada a zuba su a juji, domin takin juji gona yake zuwa, mu kuma da ƙafa da hannu muke noma. Babban guntu kada ku yar: mai yankan gilashi zai iya fitar muku da ƙarami daga cikinsa.

In ba kuɗin gilashi a yanzu, ku buga raga da leda mai kauri ko falanki a wurin, amma guntayen nan su fita yau.

Awo da saye

A nan ne aka fi yin asara. Ku auna ramin da gilashin zai zauna a ciki, faɗi da tsawo, kowanne a wuri biyu ko uku, domin firam ba ya cika zama daidai. Ku ɗauki awo mafi ƙanƙanta, ku rage milimita 3 a faɗi da milimita 3 a tsawo. Wannan ɗan sarari shi ne wurin numfashin gilashi idan zafi ya zo. Ku rubuta awon a takarda, ku tafi da guntun tsohon domin a ga kaurinsa. Milimita 3 ya ishi ƙaramar taga, amma babba tana bukatar 4 ko 5.

Ku bar mai shago ya yanka muku. Wajen kawowa gida, gilashi a tsaye ake ɗaukarsa, a kan gefensa, a naɗe da kwali. In aka kwantar da shi a bayan babur, ramin farko zai raba shi biyu.

Sawa a firam iri-iri

Luba, wato gilashi mai falle-falle da ake buɗewa da maɗauki, ita ce mafi sauƙi. Faɗin fallen yawanci inci 4 ne ko inci 6. Ku cire falle ɗaya mai lafiya ku je da awonsa. Ku buɗe bakin maƙalin a hankali da sukuddireba, ku zura fallen, ku mayar da bakin ya kama. Kada ku yi ta lanƙwasa shi, alminiyum yana saurin karyewa. Ku tabbata an goge kaifin fallen a shago, in ba a yi ba ku goge da samfefa da ruwa. Ɗigon mai a mahaɗin maɗaukin zai hana shi cijewa, domin luba da yawa wajen buɗewa da ƙarfi suke fashewa.

In firam na katako ne, ku duba ko gara ta ci shi, ku shafa fenti a ramin ya bushe, in ba haka ba busasshen katako zai tsotse man fotin ya bar shi yana marmashewa. Ku murza fotin a hannu ya yi laushi, ku shimfiɗa shi siriri a ramin. Ku ɗora gilashin ku danna ta gefe-gefe, kada ku danna tsakiya. Ku buga ƙananan ƙusoshi a kwance kusa da gilashin, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya. Sa'an nan ku sa foti ta waje, ku sulɓe shi da wuƙa a karkace yadda ruwa zai gangara. Ku ba shi mako ɗaya zuwa biyu kafin fenti, fentin kuma ya ɗan hau kan gilashin kaɗan domin ya toshe hanyar ruwa.

In firam na ƙarfe ne, ku kankare tsatsa ku sa jan fentin da ke hana ta. Fotin katako ba ya kamawa da kyau a ƙarfe, sai ku nemi na ƙarfe ko silikon. Silikon mai warin tsami yana iya cin ƙarfe, ku tambayi marar wari. Kada gilashi ya taɓa tsiraran ƙarfe, ku sa 'yan guntayen roba a ƙarƙashinsa.

Tagar alminiyum mai turawa kuwa, ana ɗaga ƙyauren a fitar da shi, a kwance sukurorin kusurwa, a zagaye sabon gilashin da robarsa, a mayar. In robar ta bushe ta tsattsage, a sake ta.

Gilashin da ba a gyarawa a gida

Akwai iri biyu da nake so ku gane. Na farko shi ne gilashin da aka gasa aka kuma sanyaya da sauri a masana'anta, irin na tagogin gefen mota. Ya fi na kullum ƙarfi kamar sau huɗu, kuma in ya fashe yakan zama tsaki-tsaki. Ba ya yankuwa. Da an ja masa layi sai ya tarwatse. Saboda haka kada ku sayi tsohonsa da niyyar a rage muku.

Na biyu shi ne gilashi mai ruɓi biyu. Kun san ƙofar firijin da masu shago ke sa lemo? Yawancinsu irinsa ne. Gilashi biyu ne aka haɗa da sarari a tsakani, galibi milimita 12 zuwa 16, cike da busasshiyar iska ko wata iska da ake kira argon. A gefe akwai ƙaramin bututu mai ɗauke da tsakuwoyin da ke shanye danshi, sa'an nan aka liƙe kewayen gaba ɗaya. Wani mutum mai suna Thomas Stetson ya yi rajistar dabarar a Amurka tun 1865, amma sai a ƙarni na 20 ta yaɗu. Ainihin gidanta ƙasashen sanyi ne kamar Ingila, Jamus da Kanada, inda ake kashe kuɗi wajen ɗumama ɗaki, domin tana rage zafin da ke fita ta gilashi da kusan rabi. Tana kuma rage ƙara. A wurinmu an fi ganinta a manyan gine-ginen birni masu na'urar sanyaya ɗaki, da kuma tsofaffin tagogin da ake shigowa da su.

Ga yadda yake lalacewa. Idan liƙin gefen ya tsufa, iska mai danshi takan shiga, tsakuwoyin nan su sha har su ƙoshi, sai ka ga raɓa ko hazo a tsakanin gilasan biyu, inda hannu ba ya kaiwa. In raɓar tana waje ko ta cikin ɗaki, goge ta kawai za a yi, ba lalacewa ba ce. In tana tsakani, ko ɗaya daga cikin gilasan ya tsage, to ba a sake ɗayan kaɗai a gida. Ana cire 'yan sandunan da ke riƙe da shi, a auna faɗi da tsawo da kauri, a sa masu sana'ar su haɗa sabo, firam ɗin kuma yana nan. Wasu sukan huda shi don danshin ya fita. Hazon kan ragu, amma busasshiyar iskar ta tafi ke nan. Shawarata ita ce, in kun ga tsohuwar taga irin wannan a kasuwa da hazo a ciki, kada ku biya kuɗin mai lafiya. Ga gidan ƙauye da ba na'urar sanyi, raga mai kyau, da inuwar bishiya, da labule ko asabari sun fi amfani.

In gilashi ya yanki mutum

Ku danne wurin da tsumma mai tsabta, ku ɗaga hannun ko ƙafar sama, kada ku riƙa ɗagawa kuna leƙawa. In babban guntu ya nutse a nama, kada ku zare shi, domin shi ke toshe jinin. Ku danne ta gefensa ku kai mutumin asibiti. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Ku tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora, wadda suke kira tetanus.

Gargaɗi ɗaya kafin in zauna

Ɗakin da aka gyara tagoginsa yana riƙe iska fiye da dā. A lokacin hunturu kada kowa ya kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kada kuma a tada janareto a cikin gida ko a bakin taga. Iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ku bar falle ɗaya ko biyu na sama a buɗe, raga ta tsare sauro.

Abin da za mu yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin mota zuwa gari saboda falle biyu yakan fi kuɗin fallen. Ina roƙon matasa su zagaya da tef ɗin awo da littafi a cikin makon nan, su rubuta kowane gilashi da ya fashe da awonsa, a tara kuɗin, mutum biyu su je su sayo gaba ɗaya. A fara da ɗakunan da jarirai da mata masu ciki ke kwana, da gidajen gwauraye da tsofaffi, sa'an nan makaranta. A yi shi kafin iskar farkon damina ta taso. Kafintocin da ke cikinmu su nuna wa yara biyu ko uku yadda ake yi, domin baɗi kada mu nemi mai gyara daga nesa.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya kai kowa gida lafiya.